Yatsu Takwas da Na Ɗaga ma Ubanku

Da sunan Allah za ni soma, shi da ya ji har abin da ban faɗi ba. Sa'adatu, riƙe alƙalaminki da kyau, ki sa maganata yadda ta fito, kar ki gyara ta. Ban yi boko ba, shi ya sa na kira ki daga Isa, ke da kike koyar da ɗiyan mutane. In kin ga na tashi ina zagaya tsakar gida, kar ki ce in zauna. Tun da ubanku ya rasu zama bai karɓe ni ba, kuma kukan nan da kuke cewa ya isa haka, bai isa ba. Abin da ya sa na ce a rubuta wannan shi ne maganar da yayanku ya yi ranar sadakar arba'in. Ya ce gardama ce ta ƙare Baba, da ya ce bai sani ba da bai ji kunya gaban mutane ba. Ku duka kunka yi shiru, na gane kun yarda. To, ba haka abin yake ba. Ubanku bai yi kuskure ba ranar nan. Ni na san wanda ya yi.

Kun san sunan da ake kiran shi, Maikunne. Daga nan Sabon Birni har Isa, har direbobin da ke kai kaya Maraɗi, kowa ya san bakaniken da ba ya buɗe inji sai ya saurara. Mota na wucewa bisa titi shina cin goro, sai ya ce wannan kafin ta kai Unguwar Lalle za ta tsaya, kuma ta tsaya. Abin da ba ku sani ba shi ne, da anka kawo ni daga Turba, ɗakin da anka ba ni bangonshi ɗaya da gareji. Shekara arba'in da wani abu ina daka, ina tankaɗe, ina goyon ku, inji na kuka bayan bangona. Ban taɓa cewa za ni koya ba, kunne ne ya ɗauka da kanshi. Ni kukan inji kamar lugude nake jin shi. Mai fulogi huɗu mata huɗu ne bisa turmi ɗaya, mai shida mata shida. In ɗaya ta gaji ta saki taɓarya, ko daga bayan gari kake ka san an rasa hannu. Haka nake ji in fulogi ya mutu. Ban taɓa gaya ma kowa ba, don mi za a yi da shi?

Kunnenshi bai tafi rana ɗaya ba. Ya soma da ƙara muryar rediyo, sannan ya riƙa kallon bakin mai magana. Wata rana anka kawo wata akori-kura, ya saurara ya ce lafiyarta lau. Da ya shigo cin tuwo na matso kusa da kunnenshi na ce mishi akwai abin da ke ƙwanƙwasa cikinta can ƙasa. Ya yi dariya har ya ƙware.

“Hajo, ke da inji? Ki tsaya ga tukunyarki.”

Ya fita ya buɗe ta, ya tarar da abin. Bai dawo ya ce na yi gaskiya ba, ni ma ban tambaya ba. Amma washegari da anka kawo wata, sai na ji ya taka totur sau uku, ya bar ta tana aiki, ya shigo wai shan ruwa. Ya tsaya bakin randa da moɗa a hannu shina kallona. Daga nan munka fara. Yatsu na nuna mishi fulogi nawa sunka mutu. In na dafa ƙirji, ciwon na cikin injin ne. In na cije haƙora, giya ce. In na hura iska, salansa ta huje. In na buɗe tafin hannu na girgiza kai, babu komai ke nan. Sauran shi ke cikawa, don in ya ɗora hannu bisa inji jijjigar na gaya mishi rabin labari. Shekara shida muna haka. Mutane sunka ce Maikunne ya tsufa, ƙishirwa ta yi mishi yawa. Ba wanda ya gane, don a gareji dama kowa ihu yake yi, shi kuwa ya koyi yin magana da yawa don kar a bar mishi saurare.

Duk motocin da sunka shigo garejin nan, ɗaya ce ya so kamar mutum. Ta Alhaji Jari ce, ɗan kasuwar nan na Isa mai kai hatsi Nijar. Daga Kwatano ya sayo ta, tsohuwar ƙasar waje, ƙofa biyu, faffaɗan gaba, cikinta kusan shafar ƙasa. Mai Ƙirji ake ce mata. Ba ta ɗaukar ko buhu ɗaya, ba ta shiga yashi, tana shan mai kamar ba gobe. Amma fulogi takwas gare ta, kuma in anka tashe ta har kwanonin jere na ɗakina sai sun amsa. Mata takwas bisa turmi, kuma lugudensu ba daidai yake ba, akwai ɗan ɗingishi cikinshi mai daɗi, kamar biyu na rige-rigen sauke taɓarya. Ni ma ina son ta, ba ni ɓoyewa. Ubanku ba ya jin ta, amma ya kan kwantar da tafinshi bisa ita ya rufe ido.

A shekarar da nake ba ku labari, sai magana ta fito cikin wayoyi cewa masu ƙera ta za su sake mata fasali gaba ɗaya, su fito da sabuwa. Ba su faɗi irin injin da za su sa ba. Wannan rashin faɗin shi ya hana garejinmu zaman lafiya tun daga sanyi har bazara. Kowace ranar kasuwa sai an taru ƙarƙashin rumfa, ni kuwa ina bayan bango ina jin kowa. Mai ja da Alhaji shi ne Mamman, bakaniken da ya yi koyo Maraɗi ya buɗe gareji bakin tasha. Mamman Bon ake ce mishi, don ba ya buɗe baki sai da bon, kalmar nan ta Faransanci.

“Takwas za su bari,” in ji Alhaji. “Wa ke sayen Mai Ƙirji in ba ta ruri?”

“Bon, Alhaji, zamani ya wuce nan. Shida za su sa, su ɗaura mata turbo biyu masu hura iska, ta fi waccan gudu.”

“Shida ai motar kai amarya ce.”

“To in ba ka sani ba, akwai masu cewa injin za su cire ɗungum, su shimfiɗa batir ƙarƙashinta kamar tabarma.”

“Batir! Tocila ce? Sai in kai ta shagon cajin waya in jera ta da wayoyin mutane?”

“Ka bar ta can sati biyu kana jiran wuta,” wani direba ya ce, rumfa ta ɗauki dariya.

Su wasa suke, shi ba wasa yake ba. Ya karanta kalmar batir bisa bakin Mamman, kuma tun ranar bai sake zama wuri ɗaya ba. Ya fara tuwo ya bari. Ya fita gareji ya dawo, ya sake fita. Ya tsuguna tsakar gidan ga da tsinke shina zana gaban mota bisa ƙasa, shina auna ko takwas za su shiga, ya share da ƙafa ya sake. Duk direban da ya dawo daga Nijar sai ya tare shi ya tambaya mi ake cewa can, ya kalli bakinshi, ya dawo da rabin amsa. Ya rame har wuyan rigarshi ya yi mishi yawa. Ina ce mishi da hannu ya zauna, motar da ko ganin ta ba za mu yi ba mi ya dame ka da ita? Wata rana ya amsa mini da ƙarfi, irin ƙarfin wanda bai jin muryar kanshi:

“Hajo, in sunka cire ma wannan inji, sauran ma cirewa za su yi. Motar da ba ta kuka, mi za ni yi mata? Mi za a ce na iya?”

Kunne ya tafi, yanzu kuma ana cewa abin saurarar ma zai tafi.

Ana cikin haka, wata ranar kasuwa da hantsi Alhaji Jari ya zo da sauri, waya a hannu. Masu ƙera motar sun saki ɗan guntun hoto mai motsi. An rufe sabuwar da ƙyalle, ba a ganin komai sai fitilu, amma an bar kukanta. Rumfa ta cika. Kowa ya saurara ya faɗi tashi, anka rabu uku kamar kullum. Sai Alhaji ya ɗaga murya.

“Ku yi shiru, ga alƙali zaune. Maikunne, wani mutumin Maraɗi ya matsa mini in sayar mishi da tsohuwar, yau yake jiran amsa. In takwas ne cikin sabuwar, za ni sake ta in jira sabuwa. In ba takwas ba, ko gona anka ba ni ba ni rabuwa da ita, don ba a sake yin irinta. Abin da kac ce shi za ni yi.”

“Bon, mu ji kunnen da ake faɗi,” in ji Mamman.

Na ji ubanku ya ce hayaniya ta yi yawa nan, bari ya shiga ciki inda ba surutu. Ya shigo ya same ni ina tankaɗen gari. Waya ba inji ba ce, ba jijjigar da zai dafa ya ji, wannan karon duka kayan bisa kaina suke. Ya kara mini ita a kunne ya danna.

Sa'adatu, rubuta wannan a hankali. Na ji mata takwas. Har ɗingishin nan an sa. Amma da ya sake dannawa, sai na ji akwai abin da babu ciki. Inji na gaskiya shaƙar iska yake kafin ya yi ruri, kana jin shi shina ja kamar mai shirin ɗaga kaya. In an saki totur yakan yi ɗan tari, ƙarfe ya taɓa ƙarfe, wani bugun ya fi wani. Wannan ba ya shaƙa, ba ya tari. Kowane bugu ɗan'uwan na gabanshi ne sak. Mata takwas na daka, ba wadda ke nishi, ba wadda hannunta ya gaji, kuma turmin ba hatsi cikinshi. Ya danna na uku. A na ukun ban da sauran shakka ko kaɗan. Kukan inji ne anka kwaikwaya, amma ba inji wurin.

Ina da alamar da za ni yi. In buɗe tafin hannu in girgiza kai, da ya gane nan take. Na ɗaga ido na dube shi. Ya tsuguna gabana, tsoho mai furfura, bakinshi a ɗan buɗe, shina kallon hannuwana kamar mai jiran a ce mishi maras lafiyarshi ya farfaɗo. Wata huɗu bai ci ya ƙoshi ba. Na ce a raina, motar tana wata duniya, kafin ta fito wa ya san mai rai? Na ce a raina, ai takwas ɗin na ji, ba ƙarya ce duka ba. Alhaji da motarshi ko tuna su ban yi ba, Allah ya gani. Na kakkaɓe garin hannuna, na ɗaga yatsu biyar na dama da uku na hagu.

Ya miƙe kamar saurayi. Kafin ya kai zaure ya soma faɗi.

“Takwas ne! Ku rubuta ku ajiye, takwas ne. In ba takwas ba kar a sake kira na Maikunne.”

“Ka tabbata, tsoho?” in ji Mamman.

“Tun ba a haife ka ba nake jin inji, ɗan bon.”

Ranar ya cinye tuwonshi ya nemi ƙari. Bayan kwana uku mutumin Maraɗi ya zo ya ɗauki Mai Ƙirji daga garejinmu, don nan anka yi mata duban ƙarshe. Na tsaya jikin bango ina jin ta har ta wuce gonakin bayan gari, har na daina rabe ta da iska. Daga ranar, rashin zaman nan nashi ya bar shi ya dawo kaina. Shi ya yi ƙiba, ya koma raha da direbobi, shina gaya musu yadda zai kwance sabuwar in ta zo. Ni na koma mai zagaye. In ɗora tukunya in manta gishiri. In ji an taru a rumfa gabana ya faɗi. Damina ta sauka, anka yi shuka, anka yi noma, gero ya yi kai, kullum ina cewa gobe za ni gaya mishi. Kun zo kun gan ni lokacin, kunka ce hawan jini ne, kunka sayo mini magani.

Bayan an yanke gero abin ya fito. Da azahar ne, an idar da salla. Na ji babur ɗin Mamman ya tsaya, na ji motar kayan Alhaji ta biyo shi. Masu ƙera motar sun nuna sabuwar a fili, ga hoton cikin wayar Mamman, an buɗe gabanta, ba komai ciki sai wani akwati na ajiye jaka. Batir na ƙasa, kukan kuwa daga wata lasifika yake fitowa da anka ɓoye bayanta.

“Bon, jama'a, ku zo ku ga fulogi takwas!” Mamman ke faɗi shina dariya. “Lasifika ce, irin ta masu tallan magani. Ita Maikunne ya ji ya rantse.”

Ubanku na duƙe cikin gaban wata mota, ya ba su baya. Ni na san bai ma san sun iso ba. Alhaji bai yi dariya ba. Ya tsaya bayanshi ya yi magana a hankali, irin ta mai cin rai.

“Maikunne, ka raba ni da motata.”

Bai juyo ba.

“Maikunne, da kai nake.”

Ina jin sifana na ci gaba da juyawa.

“Malam Nomau!”

Sunanshi na gida ke nan, wanda ban taɓa kama shi da bakina ba sai yau. Sifana ba ta tsaya ba. Dariyar rumfa ta mutu da kaɗan kaɗan. Sai na ji wani ya tafa hannu da ƙarfi sau biyu, daf da ƙeyarshi, kuma ba abin da ya canza. Wani direba ya ce inna lillahi. Ina nan tsaye da ludayi, goshina jikin bango, ban iya fita ba, ban iya zama ba. Daga baya anka gaya mini Alhaji ne ya dafa kafaɗarshi, ya juyo da murmushi zai gaishe su, ya ga fuskokinsu. Mamman ya so ya mayar da wayar aljihu, ubanku ya miƙa hannu ya karɓa ya kalla har ƙarshe.

“To duk shekarun ga da mi yake gane ciwon motocinmu?” wani ya tambaya.

“Da hannu,” in ji Mamman, muryarshi ta sauka. “Ba ku ganin kullum shina dafa su? Bon, ku watse haka nan.”

Sunka yarda da wannan, har yau shi ake faɗi. Ubanku ya ce ma Alhaji ya yafe mishi, Alhaji ya ce ya wuce, amma bai sake kawo mota ba, kuma ban ga laifinshi ba. Mutane ba su yi mishi wulaƙanci ba, abin da sunka yi ya fi ciwo. Sunka riƙa yi mishi ihu a kunne da tausayi, suna kai motocinsu bakin tasha. Kafin sanyi ya fita ya rufe gareji da kanshi, ya raba ƙarafunan.

Amma ranar nan nake son ku sani. Da anka watse ya shigo, na ɗauka zai tambaye ni. Na shirya. Ya same ni bakin murhu ina kuka, ya tsuguna, ya kama kunnena na dama da yatsunshi masu baƙin mai, ya leƙa ciki kamar yadda yake leƙa inji.

“Hajo, kar ki yi kuka. Ke ma naki ya soma tafiya, ba ki sani ba. Haka nawa ya fara. Ni na ɗora miki abin da ya fi ƙarfinki.”

Bai taɓa kawo ma ranshi cewa na ji daidai na faɗi ba daidai ba. Na buɗe baki, to da mi za ni gaya mishi? Alamunmu duka na inji ne. Muna da ta fulogi, muna da ta giya, ba mu da ta “na yi maka ƙarya”. Sai dai in yi ihu cikin kunnenshi, ga sauran mutane ba su gama barin rumfa ba, su ji cewa shekara shida matar Maikunne ce ke ji mishi. Na ce bari sai mun kaɗaita. Kar ku ba ni uzuri da wannan, don mun kaɗaita sau ba adadi bayan nan. Mun je gonarshi ta Unguwar Lalle mu biyu, ba kowa sai tsuntsaye, da na yi ihun da ya fi na kowa ba mai ji. Ban yi ba. Tsoro na ji kar ya dube ni da wani ido.

Don haka kar in sake jin ɗayanku ya ce gardama ce ta ƙare ubanku. Mutum ne da ya yarda da matarshi, ya fita ya faɗi abin da ta gaya mishi. In kuna neman mai laifi ga ta nan tana zagaya tsakar gida.

Saura abu ɗaya, Sa'adatu, sannan ki rufe littafin. Sati bai cika ba da ranar da abin ya fito, ya aika Isa anka sayo mishi maganin ɗiga ma kunne, 'yar ƙaramar kwalba. Na zaci nashi ne. Da safe bayan ya karya, sai ya shimfiɗa tabarma ya ce in kwanta in ɗora kaina bisa cinyarshi. Ya ɗiga mini biyu a dama, ya jira, ya juya ni ya ɗiga biyu a hagu. Ya ce nashi ya riga ya wuce gyara, amma nawa in an tare shi da wuri ana iya ceto shi. Kwalba ta ƙare ya aika anka sayo wata. Haka ya yi kowace safiya wata takwas, har lokacin da ciwo ya kwantar da shi hannunshi ba ya riƙe kwalbar sai na tallafa mishi. Kunnuwana lafiya lau, ina jin har numfashinshi yadda yake raguwa. In ya gama sai ya toshe mini da auduga, ya leƙo fuskata, ya tambaya da ƙarfi:

“Da sauƙi, Hajo?”

Ni kuwa sai in ɗaga mishi kai.